Hari ɗaya suka gani, me ya sa alamun yara suka bambanta da na manya?

Malamar Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke cikin wanga zaure. Tun da 'yan gudun hijira daga wajen Sabon Birni da Isa sunka yawaita cikin garin Sakkwato, azuzuwan firamare sun cika da ɗiyansu. Manyan in an zauna da su suna faɗin abin da ke damunsu: ba su barci, abin na dawo musu ga ido, gabansu na faɗuwa in sun ji ƙarar babur. Wannan na san shi ne likitoci ke kira PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. To yaran fa? Wasu na dariya da guje-guje kamar ba su ga komai ba. Akwai ɗan shekara 8 da ya koma fitsarin kwance, akwai wadda ba ta buɗe baki cikin aji, wasu kuma wasansu guda ne kullum, 'yan bindiga da mutanen gari, da karan dawa ga hannu. Iyaye na cewa yaro mantuwa gare shi. Shin ciwo guda ne da na manya? Ta ina za a bambanta shi da rashin ji? Kuma yaushe ya kamata a kai yaro asibiti?

Nas Mai Aikin Dare ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Ciwo ɗaya ne, ƙofar da yake fitowa ce daban. Maganar nan ta "yaro mantuwa gare shi" kuwa ba iyayen ƙauye kaɗai suka riƙe ta ba, likitoci ma sun daɗe a kanta. An shigar da larurar cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, da ma'aunin da aka gina a kan manya, musamman sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Sai a 2013 aka ware wa 'yan shekara 6 zuwa ƙasa nasu ma'aunin, bayan bincike ya nuna in aka auna su da na manya, da yawa daga masu ciwon za su wuce ba a gane su ba.

Ga babba abu huɗu ake nema, kuma sai sun haura wata ɗaya suna hana shi harkarsa. Abin ya riƙa dawo masa ba da son ransa ba, a mafarki ko ido biyu, har ya ji kamar yanzu ake yi. Ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ko hanya ce, ko kasuwa, ko zancen kansa. Tunaninsa da zuciyarsa su sauya, yana ganin laifin kansa, ya daina yarda da mutane, abin da ke sa shi farin ciki a da ya fita ransa. Sannan jiki ya ƙi kwanciya: zabura, saurin fushi, waige-waige, rashin barci. Ana son alama ɗaya aƙalla a na farko, ɗaya a na biyu, biyu a na uku, biyu a na huɗu.

Ki dubi na biyu da na uku. Ɗan shekara 4 ba shi da bakin da zai ce "ina ganin laifin kaina", kuma ba shi da ikon ƙin bin hanya, inda aka goya shi nan za shi. Shi ya sa a nasu ma'aunin aka haɗe biyun nan, alama ɗaya daga cikinsu ta wadatar. Dawowar abin ma ba a fuska ake ganinta ba. Babba in abin ya dawo masa za ki ga ya canza, yaro kuwa sai ya zuba shi cikin wasa, yana maimaitawa, wani lokaci har da murmushi. Mafarkinsa ma ba lallai ya ga harin ba. Zai farka da ihu ya ce kura ce, ko dodo, ko ya kasa cewa komai. Don haka in an tambaye shi "ka yi mafarkin 'yan bindiga?" ya ce a'a, wannan bai wanke shi ba.

Abin da ya fi raba ƙanana da manya shi ne komawa baya. Abin da yaro ya riga ya iya sai ya kuɓuce masa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma, wanda ya bar tsotsar yatsa ya dawo, mai haɗa jimla ya koma kalma ɗaya ko ya yi gum. Ga maƙalewa jikin uwa, ko bayi za ta shiga sai ya bi ta, ga birgima da kururuwa kan abin da bai kai ya kawo ba, ga sabon tsoron da ba shi da alaƙa da harin, kamar tsoron duhu ko na kaza. Babba ba ya yin waɗannan.

'Yan shekara 7 zuwa 12, irin na ajinki, nasu ya fi fita ta jiki da ta karatu. Ciwon ciki, ciwon kai, a je asibiti a auna ba a ga komai ba. Hankali ba ya tsayawa a allo, domin kunnensa na waje yana sauraron babur. Sukan rikita jerin yadda abin ya faru, su sa na ƙarshe a farko, sai manya su ce ƙarya suke yi, alhali haka tsoro ke yi wa tunawar yaro. Sukan kuma ƙirƙiro wa kansu dalili: "don na ƙi zuwa aike ne ranar", "da ban yi kuka ba da ba su gan mu ba". Wannan laifin yaro kan riƙe shi shekaru bai faɗa wa kowa ba.

Daga shekara 13 zuwa sama alamun sun fara kama da na manya, sai dai ana ƙara musu ganganci, faɗa, shaye-shaye, da maganar ɗaukar fansa.

Dalilin bambancin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Sashen da ke gano haɗari ya tada jiki yana aiki tun yaro na goye, amma sashen goshi mai taka masa birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Kafin nan yaro da natsuwar babban da ke kusa da shi yake kwantar da kansa. In uwar ita ma a firgice take, ba inda zai samu.

Ba kowane yaro da ya ga hari ke kamuwa ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike da dama ya samu kusan 16 cikin 100, kuma adadin ya fi yawa ga 'yan mata, da inda mutum ne ya yi ɓarnar da gangan, ba haɗarin mota ko ambaliya ba. Inda ake kai hari a kai a kai kuwa, kowane sabon tashin hankali na ƙara yiwuwar kamuwa. Amma masu dariyar nan na ajinki, da yawansu dariyar gaske ce.

Likitan Yara ya rubuta:

Nas ya yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara shi ne kada a yi saurin jingina komai ga firgici, domin yaron da ya gudo daga ƙauye yana ɗauke da wasu cututtukan da ke yin kama da shi.

Fitsarin kwance da ya dawo bayan yaro ya yi wata 6 ko fiye ba ya yi, a fara auna fitsarin. Ana duba ƙwayoyin cuta a mafitsara, da sukari, da tsargiya. Yaran da suka tashi bakin gulbin Rima ko kusa da dam ɗin Goronyo suna wanka a ruwa, tsargiya ba baƙuwa ba ce gare su, alamarta jini a ƙarshen fitsari. Yaro mai yawan ƙishirwa da yawan fitsari yana ramewa, wannan a kai shi ranar, kada a jira. In gwaji ya fita lafiya, to a koma kan tsoro. Da yawansu ba barci ne ya fi ƙarfinsu ba, sun farka sarai, fita tsakar gida cikin duhu ne ba za su iya ba. A ajiye masa fo kusa da shimfiɗa da tocila a hannunsa. Ya sha ruwa sosai da rana, zafin Sakkwato ba a yi masa rowar ruwa, a rage kawai awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ya yi fitsari sannan ya kwanta. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zane. Duka, da tara masa yara suna kiransa amalala, ƙara tsawaita abin suke yi, saboda tsoro ne ya kawo shi kuma tsoro aka ƙara masa.

Yarinyar da ba ta magana, a gwada jinta tukuna. Harbin bindiga kusa da kunne na iya fasa dodon kunne ko ya rage ji. Ki tsaya bayanta inda ba ta ganin bakinki, ki kira sunanta a hankali, ta dama sannan ta hagu. Ki kuma tambayi uwar ko tana magana a gida. Mai magana a gida ta yi shiru a makaranta daban, wadda ta yi shiru ko'ina daban. Yunwa da ƙarancin jini su ma suna sa yaro ya yi sukuku, ba wasa ba magana. A ja fatar idonta ta ƙasa a duba, in ta yi fari fat a auna jini.

Ihun dare iri biyu ne, kuma ana yawan haɗa su. Akwai wanda ke zuwa a farkon dare, awa ɗaya zuwa uku bayan kwanciya: yaro ya tashi zaune ido buɗe yana kururuwa, bai san wanda ke gabansa ba, da safe bai tuna komai. Wannan ba a tashinsa, a tsare shi kawai kada ya ji ciwo, zai koma barci da kansa. Mugun mafarki kuwa ya fi zuwa gab da asuba, yaro ya farka sosai, ya san ki, yana tuna ya ji tsoro, ya ƙi komawa barci. Wannan shi ke buƙatar rarrashi.

Sai ɗaukewar hankali. Yaron da ya ƙura wa wuri ɗaya ido na daƙiƙa 5 zuwa 15, a taɓa shi bai ji ba, ya dawo ya ci gaba kamar ba a yi ba, sau da yawa a yini, wannan na iya zama wani nau'in farfaɗiya. Na firgici ya fi daɗewa, yawanci akwai abin da ya tayar da shi, kuma in an kira sunansa a natse yakan juyo.

Roƙona ga iyaye: kada a sayo wa yaro maganin barci a kemis. Diyazefam, wanda ake ce wa baliyam ko D5, ba ya warkar da wannan ciwon ga yaro ko babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan irinsa tun 2013. Jiki na sabawa da shi, ranar da aka daina rashin barcin ya dawo fiye da da.

Alaramma na Gabas ya rubuta:

Allah shi saka muku da alheri. Mu masu tsangaya muna ganin abin da malamin boko ba ya gani, don da dare yaran na wurinmu. Ga abin da ya kamata 'yan'uwa malamai su lura da shi.

Almajiri ba sai ya ga hari da idonai ba. Labari ya iske shi an shiga garinsu, an kashe ubanai ko an tafi da innatai, shi kuma shina nan nesa, ba wanda zai rungume shi. Alama ta farko ga harda take fita. Yaron da ke biya allonai sumul ya fara tuntuɓe ga ayar da ya sani tun bara. In anka sa bulala, sai a samu yaro shina jin tsoron allon ma. A rage mishi rubutu, ko aya biyu ce, a maida shi tilawar abin da ya riƙe da kyau, a sa shi kwana kusa da babban almajiri mai hankali.

In anka yi rasuwa a faɗa mishi gaskiya da kalmomi kaɗan. "Baba ya yi tafiya" na sa yaro zaman jira bakin hanya, kuma ranar da ya gano ba ya ƙara yarda da wanda ya faɗa. Ƙaramin yaro zai sake tambaya gobe da jibi yaushe Baba zai dawo, don bai kai ga gane mutuwa ba ta da dawowa ba. A amsa mishi amsa guda kowane lokaci, ba tsawa. Kuma a bar cewa kuka rashin tawakkali ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗanai Ibrahim.

Maganar iska kuma. Addu'a, da Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, a tofa a shafa mishi cikin taushin murya, wannan alheri ne kuma shina kwantar da yaro. Amma a danne yaro ƙasa, ana ihu cikin kunnenai, ana turnuƙe shi da hayaƙi, ana bugu wai aljani aka bugu, yaron da 'yan bindiga sunka taɓa dannewa, mi anka yi mishi in ba maimaita mishi ranar ba? Ba ni ganin wannan cikin magani. Addu'a ba ta hana asibiti, an umurce mu da neman magani.

Tambayata ga likitoci: samarin da ke cewa sai sun rama, suna neman shiga 'yan sa-kai, shi ma cikin ciwon yake?

Malamar Aji Uku ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah shi ƙara basira. Saura wasan. In hana su ne ko in ƙyale? Wata abokiyar aiki ta ba da shawarar a tara su kowa ya faɗi abin da ya gani don zuciyarsu ta yi sanyi. Ya kuke gani?

Anti Mai Nasiha ta rubuta:

Malama, kada a tara su. An gwada wannan dabara ta zaunar da mutane bayan bala'i kowa ya amayar da abin da ya gani a zama ɗaya, bincike ya nuna ba ta hana ciwon, wasu ma tana ƙara musu, shi ya sa aka daina ba da shawararta. A aji ta fi muni: yaron da bai ga yanka ba zai ji daga bakin wanda ya gani, wanda ya faɗa kuma a riƙa tsokanarsa da shi a filin wasa. In yaro ya zo da kansa ya fara ba ki labari, ki saurara, kada ki tono abin da bai faɗa ba, kada fuskarki ta nuna razana. In ya gama ki ce masa kin ji, kuma ba laifinsa ba ne. Wannan jimlar ta ƙarshe ki faɗe ta ko bai ce yana ganin laifinsa ba.

Wasan kuma kada ki hana, ki lura da shi. Abin da aka sani game da irin wannan wasa ya samo asali sosai daga wata satar yara. A 1976, a garin Cawcila na jihar Kalifoniya, an sace yara 26 da direban motar makarantarsu, aka binne su cikin akwatin babbar mota a ƙarƙashin ƙasa, suka yi kusan awa 16 kafin su tono kansu su fito. An duba jikinsu aka ce lafiya lau. Wata likitar ƙwaƙwalwar yara, Lenore Terr, ta bi su shekaru, ta samu babu wanda abin bai bar wa tabo ba. Ita ta bayyana wasan da ake maimaitawa, da yadda suke rikita jerin lokaci, da yadda suke neman "alamar" da ta gargaɗe su kafin ranar, da yadda wasu suka daina sa ran za su yi tsawon rai. Wannan na ƙarshen ki gwada shi: ki tambayi yaro me zai zama in ya girma. Wanda ya ce "ai ba zan girma ba" a sa masa ido.

Wasa mai warkarwa yana motsi. Yau 'yan bindiga sun ci, gobe mutanen gari sun ɓuya sun tsira, jibi an kawo sojoji, bayan kwana biyu an koma langa. Wasan da ya maƙale kuwa iri ɗaya ne kullum, ƙarshensa ɗaya, ba daɗi a fuskar mai yinsa, yana gamawa ya fi tashin hankali, wani lokaci ya ji wa ƙanana ciwo. Irin wannan ki zauna kusa, ki faɗi abin da kike gani kawai, "na ga wannan ya ɓuya bayan rumbu", sannan ki tambaya, "wa zai zo ya taimake shi?" Ki bar shi ya kawo mai taimakon da kansa. Doka ɗaya ce: ba dukan gaske, ba tilasta wa wani ya zama wanda aka kama.

A cikin aji abin da ya fi aiki shi ne yaro ya san abin da zai faru gaba. Jadawali ɗaya, gaisuwa ɗaya, a sanar kafin a buga ƙararrawa. Mai waige-waige a zaunar da shi inda bayansa ke jikin bango yana ganin ƙofa, sai ki ga ya rage. Kada a zo masa ta baya a dafa shi. In ya firgita, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kira sunansa, ki faɗa masa inda yake da ranar da ake ciki, ki sa ya lissafa abu biyar da yake gani a ɗakin. Numfashi kuma a koya musu lokacin da suke lafiya, ba sai an shiga firgici ba: a ja ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar ta baki ana ƙirga shida, a ce masa ya hura kofin kunu mai zafi. Fitarwar ce ke sassauta bugun zuciya, shi ya sa ta fi tsawo. Gab da Sallah a gaya musu za a ji nokawut da bindigogin hawa, kada ta same su ba shiri.

A nan zan ɗan saɓa wa Nas kan maganar sai alamun sun haura wata ɗaya. Ƙa'idar sa wa ciwo suna ce, ba ƙa'idar taimako ba. Yaron da ya daina ci ko ya daina magana ba a jira masa kwana 30. Kuma akwai wanda alamunsa ba sa cika sai bayan wata 6, sau da yawa lokacin da aka samu wurin zama hankali ya fara kwanciya, sai iyaye su ce ai wannan ba shi ba ne, abin ya daɗe da wucewa.

Magani ma ya bambanta. Ga babba akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, akwai kuma ƙwayoyi irin sataralin, da likita kan fara da miligiram 25 ko 50, a yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Ga yaro ba a fara da ƙwaya. Ƙa'idar Ingila ta 2018 cewa ta yi kada a ba 'yan ƙasa da shekara 18 ƙwaya don wannan ciwon. Abin da ya fi inganci shi ne zama 12 zuwa 16, mako-mako, yaro da mai kula da shi. Ana fara da koya masa sunayen abin da yake ji da dabarun kwantar da jiki. Sai an ga ya iya sannan a shiga labarin, kaɗan-kaɗan, da zane ko rubutu, a gyara masa inda ya ɗora wa kansa laifi, a ƙarshe ya karanta wa uwarsa ko kakarsa bayan ita ma an shirya ta. Akwai wata hanyar da aka yi amfani da ita ga yaran da yaƙi ya shafa a Yuganda, mai dacewa da wanda ya ga hari fiye da ɗaya: a shimfiɗa igiya a matsayin rayuwarsa, ya jera duwatsu a munanan ranaku, furanni a masu daɗi, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da ake yi shi ne tsallake matakin farko a faɗa labarin kai tsaye, yaro ya rikice, iyaye su ce zuwan ne ke ƙara masa, su daina kawo shi.

Allah gafarta Malam, maganar fansa tana cikin abin da ake gani ga matasa. Yaron da ya tsaya yana kallo bai iya kare ubansa ba, kunya ke cinsa, fushi kuma ya fi kunya sauƙin ɗauka. Wa'azi a bainar jama'a ba ya kama shi. Babban namiji ɗaya da yake girmamawa, da sana'ar da za ta gajiyar da jikinsa ta sa masa kuɗi a aljihu, sun fi tasiri. A kuma duba tiramol, don da yawa da shi suke danne abin, rashin barci da zafin rai su ƙaru.

Uwar ma a tambaye ta barcinta. Sau da yawa in an yi wa uwa magani, alamun ɗan shekara 4 kan ragu ba a taɓa shi ba.

Nas Mai Aikin Dare ya rubuta:

Gaskiyarki, Anti, ba a jira da irin waɗannan. Malama, waɗanda za a kai ranar: mai maganar kashe kansa ko yana yanka jikinsa, wanda ya ƙi ci da sha, mai jijjiga ko suma, wanda ke jin muryoyi ko ya daina gane mutanensa. Yarinya ko yaron da aka yi wa fyaɗe kuma awa ake ƙirgawa, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato don wannan aka buɗe ta.

Sauran a fara da asibitin da ke kusa don gwajin da Likita ya lissafa, in ya fita lafiya a nemi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Iyaye da yawa in sun ji Kware sai su ja baya, a yi musu bayani cewa ganin likita ne a dawo gida, ba kwantarwa ba. Wanda zai raka yaron ya zama wanda ke kwana da shi, ba kawun da ya fi iya magana ba. Kafin ranar, ki ba uwar takarda ko ki rubuta mata na mako biyu: ƙarfe nawa ya farka, ya jiƙa shimfiɗa ko a'a, me aka ji ko aka gani kafin ya firgita, da duk maganin da aka riga aka ba shi, na kemis da na gargajiya, a tafi da kwalayensu.